Hannun Batul

Wata daga cikinku ta rubuto mini ta ce in daina kewaye-kewaye in faɗi abin da ke cin raina. To, kishi ne. Ba zan canza masa suna ba. Sai dai kafin ku yanke mini hukunci ku bari in nuna muku inda ya faro, don na san akwai waɗanda yau ne suka fara karanta ni.

Sunana Barira. A Ƙofar Kibo nake, cikin birnin Zariya, a gidan ƙasa da kakana ya gina, babana ya zo ya shafe shi da siminti. Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yanzu wuninsa a zaure ne da littattafansa da rediyonsa. Ni kuwa ina digiri na biyu a nazarin halittu, kuma aikina, kada ku yi dariya, a kan zuciyar kyankyaso ne.

Kyankyaso yana da zuciya. Ba dunƙulalliya ba ce irin tamu, doguwa ce siririya, kwance a gadon bayansa tun daga ƙarshen ciki har kusa da kai. Idan ka ɗora shi a kan ƙanƙara ya suma, sai ka kwantar da shi rigingine a faranti mai kakin zuma, ka kafe shi da ƙananan allurai, ka buɗe cikin ka kwashe kayan ciki a hankali. A ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka gan ta tana matsewa tana saki. Muddin kana jiƙa ta da ruwan gishirin da muke haɗawa, ba za ta daina ba. Abin da muke son sani shi ne me yake ba ta umarni. Jijiyoyin ƙwaron suna sakin wasu ƙananan sinadarai da ake ce wa neuropeptides, kowanne da saƙon da yake kai mata. Akwai proctolin, ɗigo ɗaya za ka sa ta hau sauri tana matsewa da ƙarfi. Akwai myosuppressin, shi rage mata gudu yake yi, in ya yi yawa ta tsaya cik, sai ka wanke shi da ruwan gishiri ta farfaɗo. Kowannensu yana da gurbin da yake shiga a jikin tsokar, kamar makulli da kwaɗonsa. Burin Farfesa Nasidi, mai duba aikinmu, shi ne wata rana a san yadda za a toshe irin wannan gurbin a jikin sauro, a kashe shi ba tare da an cutar da mutum ba.

Umma ba ta taɓa yarda farar rigar aikina ta kwana a ɗakinta ba. A igiyar bayan gida take rataye mini ita, ta kama da yatsu biyu. Ƙanwar Baba, Gwaggo Maijidda, ita ce ta raɗa wa saurayina suna Mai Kyankyasai, kuma sunan ya bi shi har gidajen dangi.

Rilwanu ke nan. Ɗan Ƙofar Kuyambana ne, yana digirin digirgir, shi ne babba a ɗakin gwajinmu, kuma shi ya koya mini riƙe hantsaki. Dogo ne, kullum cikin yadi mai ruwan toka ko ruwan ƙasa, hularsa a ɗan karkace saboda iskar babur. Bai iya zaƙin baki ba ko kaɗan. Saƙon da ya fara turo mini wanda ba na aiki ba har yau yana wayata: “Kin bar fitilar madubinki a kunne, na kashe. Kuma ina son in zo in gaida Baba in kin amince.” Na karanta shi a cikin motar haya, na rufe fuska da mayafi ina murmushi har muka iso Ƙofar Doka. Abin da ya ja ni gare shi ke nan, ba ya faɗin abin da ba shi ne a ransa ba. Lokacin ban san akwai ranar da zan so ya ɗan iya ƙarya ba.

A gida kuma an matsa. Shekaruna ashirin da bakwai, kuma duk biki ko suna sai Gwaggo ta lissafa mini ƙannena na dangi da ke goye da 'ya'ya. Baba bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma bayan ƙaramar salla ya kira ni zaure ya ce karatu ba ya hana aure, in yaron da gaske yake ya turo manyansa. Rilwanu ya ce dama jira yake. Aka tsayar da wata Asabar da kawunnansa za su zo a sa rana.

Ana cikin haka Batul ta shigo ɗakin gwajin.

'Yar Tukur-Tukur ce, babanta Alhaji Labaran yana da shagunan yadi. 'Yar ƙarama ce, mai tabarau, kullum cikin baƙar abaya marar ado, da jan lalle a bakin farce. Maganarta ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake ji. Tun ranar farko ta fara ce mini Anti Barira, alhali shekara biyu kacal na ba ta. Ni na nuna mata bokitan da muke kiwon kyankyasai a ciki, da kwalayen ƙwai da suke ɓuya a ƙarƙashi, da yadda ake auna gishirin ruwan. Har tausayinta na ji ganin yadda ta ja da baya da aka buɗe murfin.

Ni sai da na yi watanni kafin in iya buɗe kyankyaso ban yanke zuciyar ba. Hannuna yana ɗan rawa, musamman in an tsaya a kaina. Har yanzu wani lokacin ina cikin ƙirga bugu sai ta mutu mini tun ban kai ga ɗiga komai ba. Batul kuwa a makonta na farko ta buɗe nata da safe, har muka dawo daga sallar azahar zuciyar tana bugawa lafiya lau. Rilwanu ya sunkuya a kan madubinta ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, ni ya kira.

“Barira, zo ki ga hannu.”

Na je na duba. Aikin tsaf yake, ko kitse ɗaya ba ta bari ya rufe ba, ko jijiya ɗaya ba ta tsinke ba. Na ce ma sha Allah, na koma kujerata. Ku 'yan'uwana mata kun san irin ma sha Allah ɗin da nake nufi.

Daga nan aka koma kan sauro. Zuciyar sauro ta fi gashin kai siranta, kuma tana da wani abin mamaki: takan tura jini zuwa kai na ɗan lokaci, sannan ta juya ta tura shi baya. Akwai sinadarin da ake ce wa CCAP da ke ƙara mata sauri, kuma don a ga aikinsa sai an tsira wa sauron allurar gilashi a gefen ƙirji, a zuba masa, sannan a kalli bugun ta cikin fatar bayansa yana raye. Nawa yawanci mutuwa suke yi. Na Batul suna tashi su ci gaba da motsa ƙafa kamar ba a taɓa su ba. Kwalaben sinadarin kuwa daga waje ake aiko mana da su, 'yan mitsi-mitsi, a firiza suke kwana, ba a wasa da ko ɗigo. A hankali sai ya zama in an ciro kwalba teburin Batul ake kai wa. Ni aka bar mini kyankyasaina da lissafin sakamako, don a wannan fannin kam babu wanda ya kai ni.

Babu abin da suka yi. Ina son ku riƙe wannan. Ban taɓa kama su suna wata dariya ta daban ba, ban taɓa ganin ya raka ta bakin titi ba. Kawai dai in ya tsaya a bayanta yana kallon allo, akwai wani shiru da yake yi wanda ban taɓa ji ya yi a bayana ba. Na fara lura da abubuwan da ba su kamata su dame ni ba. Turaren da take sawa. Yadda yake ce mata Malama Batul da girmamawa, ni kuma Barira tsurarta. Hoton da ya ɗora a wayarsa na jadawalin bugun zuciyar sauro, ya rubuta alhamdu lillahi a ƙasa, na kuma san daga hannun wa jadawalin ya fito. Na buɗe hoton nan ya fi a ƙirga. Har sabuwar atamfa na ɗinka, shuɗiya mai zanen ganye, na sa ta ranar Litinin da mayafi mai duwatsu. Ya ce mini in kula kada bakin mayafin ya shiga ruwan gishiri.

Sai ga takardar gayyata daga wata cibiyar binciken ƙwari a Kenya. Gurbi biyu, wata shida: Rilwanu da ɗalibi guda na digiri na biyu. Ni ce na fi daɗewa. Ko tantama ban yi ba. A raina har na gama tsara komai: a ɗaura aure, mu tafi tare, in dawo da babin ƙarshe na aikina a hannu. Na shiga duba yanayin sanyin garin a waya, na tambayi wata ƙawata inda ake samun rigunan sanyi masu kyau a Sabon Gari.

Ranar da Farfesa ya tara mu a ofishinsa, sunan Batul ya kira. Ya ce aikin can duk na allurar sauro ne, kuma ya yi shawara da Rilwanu kafin ya yanke. Na yi mata murna a gaban kowa, har na rungume ta. Da muka fito na tsayar da Rilwanu a gindin darbejiyar da yake ajiye babur, na tambaye shi ko gaskiya ne shi ya ba da sunanta. Bai kauce ba. Ya ce Farfesa ya tambaye shi wa ya fi iya allurar, shi kuma ya faɗi abin da ya sani. Ya ce in da tambayar lissafi aka yi masa, sunana zai faɗa. Na ce masa na gode, na tari keke na tafi, ban jira ya kai ni tasha ba.

Ba a jima ba labari ya canza. Alhaji Labaran ya ce 'yarsa ba za ta je wata ƙasa ba babu aure, tare da namijin da ba muharraminta ba. Batul ta zo da kumburarrun idanu ta zauna tana aikinta. Farfesa ya kira ni gefe ya ce in tabbatar fasfona yana nan, don in ba ta samu zuwa ba ni ce.

Na ji daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba. Na dawo gida na tarar da Umma tana tsinke zogale a tsakar gida, na zauna na taya ta har muka cika kwarya, ina ba ta labari ina dariya. Ta ce Allah ya tabbatar da alheri, ta ƙara da cewa ita dai a ɗaura kafin a tafi.

Ranar Laraba da la'asar Gwaggo Maijidda ta yi sallama, da leshinta ruwan goro da jakar biki a hammata. Daga barka take a Tukur-Tukur. Ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba ta dubi Umma ta ce wai Mai Kyankyasai yana da 'yan'uwa a can ne? Ta ce ta ga babur ɗinsa a ƙofar gidan Alhaji Labaran mai yadi, ta kuma gan shi da idonta yana fitowa daga zauren, da babbar riga fara da hula sabuwa. Matar gidan da ta je barka ta ce mata ai wannan ne zuwansa na biyu. Babbar rigar nan na san ta. Ita ya sa ranar da ya fara zuwa gaida Baba.

Umma ta dube ni. Na ce aiki ne, na tashi na shiga ɗaki na turo ƙofa. Na rubuta masa saƙo na goge, na sake rubutawa na goge. A ƙarshe na tura: “Me ka je yi gidan su Batul?” Nan take ya amsa: “Ina zuwa yanzu, ba maganar waya ba ce.”

A soron ciki na shimfiɗa masa darduma kamar kullum, amma ban kawo ruwa ba. Na zauna nesa da hijabina har ƙasa. Ya ce ya je ne ya roƙi Alhaji ya bar Batul ta tafi. Ya yi masa bayanin aikin, da masaukin mata da ke cibiyar, da cewa akwai wata malama 'yar Arewa a can da za ta riƙe ta. Yana magana yana kallon ƙasa, muryarsa ba ta ko rawa.

Na ce, “Ka san in ba ta je ba ni zan je?”

Ya ce ya sani.

“Ka sani, ka sa babbar riga ka je ka roƙa a hana ni.”

Ya ce ba haka ba ne, ba hana ni ya je yi ba. Ya ce yarinyar ta cancanta, kuma in aka rufe mata wannan ƙofar wataƙila iyakar karatunta ke nan, ni kuwa Baba ba zai taɓa tsayar da ni ba, wata damar za ta zo. Ya ce in na je can aka sa ni allurar da ban ƙware ba, a gaban baƙi, ni zan fi kowa shan wahala, shi kuma ba zai so ya ga haka ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Shi ya sa na kasa samun inda zan kama in yi faɗa. Na tambaye shi abu ɗaya kawai, me ya hana shi gaya mini kafin ya je. Ya ce ya san ba zan so ba. Na miƙe na ce ya gaida gida.

Washegari na riga kowa zuwa, don kada in haɗu da shi a ƙofa. Ina da gwajin myosuppressin da zan ƙarasa. Na buɗe kyankyaso na farko na yanke zuciyar. Na biyu ma haka. Ina kan na uku Batul ta shigo, ta ajiye jakarta, ta tsaya a gefena, sai ta ɗauki bututun ruwan gishiri tana ɗiga mini ina yanka. Wannan karon zuciyar ta rayu. Na sa ɗigon sinadarin, muka zuba ido tana rage gudu, tana jinkiri tsakanin bugu da bugu, har ta tsaya. Na wanke, muka jira. Sai da ta motsa sannan Batul ta yi magana.

Ta ce babanta ya sassauto, amma da sharaɗi. Ya ji cewa Malam Rilwanu yana da wadda zai aura, kuma tare muke aiki. Ya ce mace ba ta ɓoye wa kanta irin wannan abu, don haka yana son ya ji daga bakina. In na ce hankalina ya kwanta da tafiyarsu, ya yarda. In na ce bai kwanta ba, magana ta ƙare. Ta ce tun zuwan Malam Rilwanu na biyu aka faɗa masa sharaɗin, ya ce shi ba zai ɗora mini wannan nauyin ba, gara a bar maganar.

“Ba roƙonki na zo yi ba, Anti Barira. Na ga dai bai kamata a ce kowa ya sani ban da ke ba.”

Kun san abin da ya fi ƙona ni a maganar? Ba sharaɗin ba. Wato sun zauna sun yi shawara a kaina, shi da ita, sun auna abin da zan iya ɗauka da wanda ba zan iya ba. Na ce mata zan zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na mayar da idona kan madubi na ci gaba da ƙirga, amma lambobin da na rubuta a ranar duk sai da na sake su.

Na gaya wa Baba komai bayan magariba. Ya rage muryar rediyo ya saurare ni har na gama. Bai ce in yarda ba, bai ce in ƙi ba. Ya ce shaida aka kira ni in bayar, kuma mai shaida abin da ya gani yake faɗa. Sannan ya ce Gwaggo ta raka ni, don bai dace in shiga gidan mutane ni kaɗai ba.

Ranar Juma'ar, tun daga Ƙofar Kibo har Tukur-Tukur Gwaggo ba ta rufe baki ba a cikin keken nan. Ta ce kada in yi wautar 'yan boko. Ta ce babu wanda ya ce in yi wa yarinya ƙazafi, cewa kawai zan yi zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ai ba ƙarya na yi ba. Ta ce wata shida a ƙasar da ba su san kowa ba, su ci tare su yi aiki tare, ko waliyyi ne sai ya saba. In na ce a'a, na tsare mijina, na kuma samu tafiyata, wa ya yi asara? Na zuba wa ganuwa ido tana wucewa. Wallahi duk abin da ta faɗa na riga na faɗa wa kaina.

Gidan babba ne, da tayil har tsakar gida da bishiyar gwaiba a tsakiya. Aka kai mu falon Hajiya, mahaifiyar Batul, aka jera mana lemo da dambun nama da ban iya taɓawa ba. Batul tana tsaye a bakin labule. Alhaji Labaran ya shigo da carbi a hannu, dattijo mai furfura a gemu, ya zauna a kujerar da ke nesa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi lafiyar Baba, ya ce ya san kakana. Sannan ya ce Batul ta ba mu wuri.

Ya ce shi bai san komai a kan sauro ba sai cizonsa. Abin da ya sani shi ne 'yarsa, da bakin mutane. Ya dube ni ya ce, “'Yata, tsakaninki da Allah, kin taɓa ganin wani abu tsakanin yaron nan da Batul da bai dace ba?”

Gwaggo ta taɓa ni da gwiwa.

Na ce, “Ban taɓa gani ba, Baba.”

“Hankalinki ya kwanta su tafi?”

Ina jin ƙarar fanka, ina jin numfashin Gwaggo. Kalma uku kawai zan faɗa in koma gida in fara haɗa akwati. Na tuna idanun Batul da suka kumbura, na kuma tuna yadda yake shiru a bayanta, duka biyun a lokaci guda.

Na ce, “Bai kwanta ba, Baba. Amma ba don wani abu da ta yi ba ne. Ta fi ni iya aikin, shi ne yake damuna. Ku bar ta ta tafi.”

Alhaji ya daɗe yana jan carbinsa. Hajiya ta sunkuyar da kai. Daga baya ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ce ya yarda. Daga bayan labule na ji wani ɗan sauti kamar an toshe baki da hannu. Gwaggo ta miƙe ta gyara mayafi, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

Muna fitowa bakin titi sai ga Rilwanu a kan babur. Ashe yana kusa, Batul ta tura masa saƙo tun muna sa takalma. Ya sauka ya gaida Gwaggo, ta amsa da hanci ta wuce neman keke. Ya juyo gare ni fuskarsa a washe, idanunsa har ƙyalli suke. Ya ce ya gode, ya sake cewa ya gode, ya ce ban san abin da na yi wa aikin nan ba, ya ce dama ya san ni mai gaskiya ce. Ina tsaye ina kallonsa ina neman ranar da na taɓa ganinsa cikin irin wannan farin cikin. Na duba ranar da na ce ya zo ya gaida Baba. Na duba ranar da aka tsayar da zuwan kawunnansa. Ban samu ba. Wataƙila don aikin ne. Wataƙila. Bai tambaye ni yadda nake ji ba, ni kuma ban faɗa ba.

Da muka isa gida Umma tana ta aikin gobe Asabar, ranar zuwan kawunnan Rilwanu, an jiƙa shinkafar waina, an aiko da tabarmin aro daga maƙwabta an jingine a soro. Gwaggo ta ja ta ɗaki, ina jin tashin muryarta tana ba da labari. Ni na wuce zaure. Baba yana zaune a kan buzunsa da tabarau a hanci. Na durƙusa na gaya masa abin da aka tambaye ni da abin da na amsa. Ya gyaɗa kai. Ya ce to gobe baƙi za su zo, kuma ya ji suna son a ɗaura kafin tafiyar, ko ina da magana?

Na ce ina da ita. Na ce su zo, a karɓi gaisuwarsu, amma kada a sa rana sai ya dawo daga Kenya.

Baba ya cire tabaransa ya ajiye a kan littafi. Ya ce in yi tunani, wata shida ba kwana shida ba ne, kuma zai tafi ne ba igiyar kowa a kansa, tare da yarinyar da ni da bakina na ce a bari.

Na ce, “Na sani, Baba. Shi ya sa.”

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki wayarsa, ya ce in nemo masa lambar kawun Rilwanu.